Yadda Barau Mai Takalma Ya Ciwo Allon Kwamfuta

Da sunan Mai Sama muke buɗe wannan babi, sannan mu jero nasaba kamar yadda ya wajaba a kan duk mai rubuta tarihin mazaje. Wannan ƙissar Barau ce, ɗan Jatau, jikan Cindo Baduku wanda ya ɗinka wa rabin Malumfashi takalma har aka rasa mai yawo ƙafa a ƙasa sai wanda ya ga dama, tattaɓa-kunnen Mati Majemi wanda aka ruwaito cewa warin jimarsa kaɗai ya taɓa mayar da ayarin ɓarayi baya. Barau na Azumi, sarkin awo, gagara ƙafa, mai hango mutum daga nesa ya faɗi lambar takalminsa! Shekara talatin da ɗaya ya yi a rumfa guda a bakin kasuwa, ba a taɓa dawo masa da takalmi an ce ya matse ba.

Sai dai akwai gari ɗaya da wannan gwarzo bai ci ba, kuma a tsakar gidansa garin yake. 'Yarsa ta fari, Barira, shekara shida da suka wuce ta ce za ta koyi haɗa bidiyo, ta ɗauki hoto ta yanka ta jera ta sa murya. Barau kuwa ya ce, a gaban baƙi, wannan zaman banza ne da aka jona wa lantarki. Tun daga ranar tana durƙusawa ta gaishe shi, tana kawo masa abinci, amma ko allura ba ta sake nema a hannunsa ba. Abin yana cin sa ƙwarai, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa Azumi.

To, a shekarar da muke magana Barira ta dawo gida wankan jego da ɗa namiji. Kafin ta haihu ta ɗauki fim na ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli, wanda za a haska a taronsu ranar Asabar, kuma shi ne babban aikinta na farko. Ranar Laraba tsohuwar kwamfutarta ta yi tari sau biyu ta cika. Mijinta yana can Fatakwal wurin aiki, mai jego kuwa ba ta fita, matan ƙungiya kuma suka aiko cewa in ba zai yiwu ba a ba su hotunansu su kai wa wani. Abin da ya rage mata a duniya sai wani akwatin kwamfuta na ƙarfe, fanko, da malaminta ya taɓa ba ta, wanda in an sayo kayan ciki za ta iya haɗawa da hannunta.

Da hantsi ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa, ta ce, "Baba, wata alfarma nake nema, in da hali."

Masu tarihi sun haɗu a kan cewa Barau ya miƙe tsaye tun bai ji mece ce alfarmar ba. Ta rubuta masa sunayen kayan a takarda, ta ce Kano ake samu, ya ninke ya cusa a hula. Amma da yake jinin Cindo ne, bai yarda awo ya zauna a takarda ba. Ya je ya zare tsinke guda daga tsintsiyar Azumi, ya zura a cikin akwatin nan daga sama zuwa ƙasa, ya karya daidai inda ya tsaya, yadda ake yi wa ƙafar yaron da ba za a je da shi kasuwa ba. Azumi ta ce a dai dawo mata da tsinkenta.

Ranar Alhamis bayan asuba ya yi azama, ya ɗaura ɗamarar tawakkali, ya shiga mota shi na huɗu a kujerar mutum uku, gwiwarsa a haƙarƙarin wani mai sayar da albasa, ya ƙetare Dayi ba tare da ya waiwaya ba, ya ratsa Gwarzo hannunsa na dafe da aljihun ƙirji inda tsinken yake, ya jure ramuka da zafi da labarin siyasar direba, har Allah Ya nufe shi da shiga birnin Kano kafin rana ta take tsaka. Ya kutsa kasuwar 'yan kwamfuta, inda wayoyi suke rataye runduna-runduna, ya yi tsaye a ƙofar shagon wani magidanci mai gilashi wai shi Munzali, ya tuɓe hula, ya zaro takarda, ya ɗaga murya ya ce, "Ina mai wurin? A fito da su!"

Aka fito da su, suka riƙa faɗuwa a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Firosesa, wanda Munzali ya ce shi ne ƙwaƙwalwar na'ura, ya miƙa wuya, ko da yake Barau ya yi mamakin ƙwaƙwalwar da ba ta kai akwatin ashana ba. Ram guda biyu, masu riƙe wa ƙwaƙwalwar aikin da take ciki, suka biyo baya ba gardama. Katin hoto, mai fanka biyu a ƙirji, wanda shi ne zai ɗauki nauyin bidiyon, ya ɗan yi taurin kai wajen ciniki, amma mutumin da ya shekara talatin yana fama da matan da ke sayen takalman Salla ba a kayar da shi a nan.

Saura babban sarkin abokan gaba, wato allon da ake kira madabod, uwar kayan ciki, wanda a jikinsa ake dasa duk sauran. Irin wanda Barira ta rubuta ya ƙare. Munzali ya shimfiɗa wasu guda uku da za su karɓi kayan, ƙarami da matsakaici da babba, ya ce, "Baba, akwatin naku wane iri ne? Ko a buga wa mai shi waya?"

"A buga wa wa? Ni za a koya wa awo?"

Ya zaro tsinke kamar mai zare takobi. Ya ɗora a kan ƙaramin, tsinke ya wuce. Ya ɗora a kan matsakaicin, ya zauna cif, ko gashi bai ragu ba. Munzali ya ce, "Alhamdu lillahi, shi ne wannan," ya fara neman leda. Da a nan aka tsaya, da wannan tarihi bai sami abin rubutawa ba.

Amma dokar kakanni ta motsa a ƙirjin Barau, dokar da Mati ya bar wa Cindo, Cindo ya bar wa Jatau: ba a saya wa ɗa abu cif-cif, sai an bar wurin girma. Ya ɗora tsinke a kan babban, ya ga allon ya ɗara shi da yatsa uku, zuciyarsa ta yi sanyi.

Munzali ya ce, "Baba, kwamfuta fa ba ta girma."

"Wannan ramukan na jikinsa na mene ne?"

"Na ƙarin ram ne, in aiki ya yi yawa nan gaba."

"Ka ji! Da bakinka ka faɗa. Girma ke nan. Naɗe min babban!"

Munzali ya dai ce in an ɓare leda ba a dawowa da kaya. A gaskiya ba girman kai kaɗai ya ja Barau ba. So yake a ce aikin farko da 'yarsa ta ba shi, ya kawo mata fiye da abin da ta tambaya.

Bayan la'asar ya shigo Malumfashi da ganima a ka, ya yi sallama da muryar da ta tashi kajin maƙwabta. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Barira ta miƙa wa Azumi jariri, ta ɓare leda, ta ɗauki allon da hannu biyu ta nufi akwati da shi. Kan allon ya shiga, gindinsa ya ƙi. Ta juya shi, gindi ya shiga, kai ya ƙi. Ta karkata shi, ta jingina, ta ajiye.

Barau ya ce a ba shi wuri. Ya danna, ya lallaba, ya yi wa akwatin magana mai daɗi, sannan ya yi masa magana marar daɗi. Da ya ga kafircin ƙarfe ya kai haddi, sai ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar Cindo, wadda ake rage tafin takalmi da ita, ya yi kabbara, ya ce, "Yatsa uku ne kawai, yanzu zan daidaita shi!"

"Baba!"

Ƙarar da Barira ta yi har jaririn ya farka. Ta kife a kan allon da jikinta, ta ɗago ido cike da hawaye, ta ce, "Baba, in ka yanka shi ya mutu. Gobe kaɗai gare ni." Komawa Kano neman babban akwati zai cinye goben, kowa a tsakar gidan ya san haka. Wuƙar ta sauka a hankali. Barau ya zauna a kan turmi, kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba, domin sau ɗaya tak aka nemi alfarmarsa cikin shekara shida, ga kuma abin da ya yi da ita. Ya ce, "Laifina ne. Awon daidai yake, ni na ƙara."

Wannan ne karo na farko da aka ji irin wannan kalma daga zuriyar Mati Majemi. Barira ta share ido da gefen mayafi, ta tura akwatin gefe da ƙafa. Ta kai kwalin da allon ya zo a ciki kan teburin ɗakinta, ta kwantar da allon a kai tsirara, ta dasa firosesa, ta soka ram, ta kafa katin hoto, ta jona wayoyi da wutar solar gidan, sannan ta taɓa wasu ƙarafa biyu da bakin sukundireba don ta kunna na'urar. Fankoki suka juya. Azumi ta rangaɗa guɗa, ta ɗauko ragar sauron jariri ta kifa a kan na'urar saboda ƙuda.

Da yake na'ura ba ta da bango, sai aka buƙaci mai gadi, aka kuwa naɗa Barau, fatihin Kano, a wannan muƙami. Ranar Juma'a bai buɗe rumfa ba. In ban da masallaci ba inda ya je, yana zaune a bakin ƙofa da mafici, jikansa a cinya, yana korar kaji da wata akuya mai son sanin kimiyya. Daga nan yake leƙen yadda 'yarsa take ɗauko muryar wata tsohuwa ta ɗora a kan hannuwan da ke murza tunkuza, ta cire, ta mayar, sau ashirin, har abin ya zauna. Wuyansa ya gaji da leƙe, amma bai ga zaman banza ko na minti ɗaya ba.

Kafin magariba ta ce, "Baba, zo ka gani." Ta kai fim ɗin ƙarshe, inda sunaye suke hawa sama. Can ƙasa, bayan sunan matar da ta riƙe lema, cikin ƙananan baƙaƙe, aka rubuta: Mai kula da na'ura, Malam Barau Jatau. Sunan bai kai tsawon atishawa a fuskar allo ba. Ya ce a mayar, aka mayar. Ya ce a sake, aka sake har sau biyar.

Ya gyara murya ya ce, "Wannan sana'ar taki, mai yin ta yaya ake ce masa?"

"Edita, Baba."

Ya maimaita sau biyu, ya miƙa jariri, ya gyara hula, ya fita da takun mazaje zuwa majalisar ƙofar gida domin ya shelanta wa dattawan unguwa ko wace ce 'yarsa. Ba a yi minti biyu ba aka ji takunsa yana dawowa. Ya leƙo ta labule, ya rage murya don kada Azumi ta ji, ya ce, "Ke, me kika ce ma sunan?"