Garar da Ke Bin Layi

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da na warware takardar nan a ɗakin Inna a Tsibiri, na ga haske yana ratsa ta. Ƴan huji ne birjik, ko'ina. Nan take na ce a raina: gara ta cinye aikin Mushe Sani.

Mushe Sani (haka muke kiran malamai, Mushe) shi ne malaminmu na zane a lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi. Wata uku ya yi yana zana abin da za a fitar a bangon lakwal, wato makarantarmu: maza da mata a layin zaɓe, da wata tsohuwa mai kwando a ka, jijiyoyin hannunta kamar za su motsa. Ya ce haka masu zanen bango na ƙasar Meziko suke yi, sai sun gama a takarda kafin su taɓa bango. Da aka shiga yajin karatu ana ta ƙona tayoyi, ya naɗe ta ya ba ni ajiya, wai ni ce mai natsuwa (ku ji fa).

Na riga na saddaƙar korata za a yi. Kwana huɗu ina zaune da ruwan ƙaro da tsinke, ina toshe hujin ɗaya bayan ɗaya. Inna ta leƙo ta ce, "Ke ƴar nan, wace irin gara ce mai bin layi haka?" Ban ko ɗago kai ba.

Ranar da aka koma lakwal, Mushe Sani ya kafa takardar a bango gaban ƴan ajinmu, ya ɗauko ƙullin tsumma mai garin gawayi yana bubbugawa a kan layukan. Ya ɗaga. Bango fari fat. Ashe shi ya huda ta da allura, don garin ya ratsa ya bar zanen a bango.

Ya shafa bayan takardar, ya sansana.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Mushe. Na zaci gara ce."

Aji ya kwashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa.

Sai bayan la'asar ya kira ni, ya miƙo mini allura.

"Ba mai korar ki, ɗiyata. Na duba, ko ɗaya ba ki tsallake ba. Wannan hannun nake nema. Sake huda su."

Tun daga ranar, in Inna ta yi tambaya, sai na ajiye abin da ke hannuna na saurara.