Rasuwar Bahaguwa, Manet ɗin Hamani Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da bai gama bushewa ba, Malam Hamani Tela na bakin kasuwar Filinge yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki, na cikin gari da na ƙauyukan Kurfai, har da na Abala da Damana, rasuwar manet ɗinsa, na'urar hannun nan ta buga wasan ƙwallo a tele, wadda kowa ya sani da suna Bahaguwa. Ta cika ranar Lahadi bayan la'asar, a rumfar Magagi mai gyaran rediyo, inda aka saba taruwa ana buga wasan. Shekararta tara a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a ƙasar waje kafin ta iso cikin kayan gwanjo.

Marigayiya ƴar tsohuwar ƙira ce, mai igiya, mai haƙuri. Ba ta taɓa neman caji ba, ba ta taɓa sumewa ana shirin buga fenariti ba, kamar yadda marasa igiyar nan na zamani suke yi. Ta sha gumi, ta sha man ƙuliƙuli, sau biyu ta sha shayi, ba ta kai ƙara ba. Maganarta kaɗan ce: ƙyas-ƙyas in ana danna ta, girrr in an ci ƙwallo, sai kuma wata ƴar ƙusa da ta kwance a cikinta tun shekara ta uku, tana kacau-kacau duk lokacin da maigidanta ya girgiza ta don haushi.

Ita da Hamani ra'ayinsu ɗaya ne a kan kayan zamani. Sabon wasan da ake fitarwa kowace shekara, in ji shi, tsohuwar riga ce aka sake wa aikin wuya, kuma tela ba a ruɗinsa da wannan. Hular roba da ake sa wa sandar manet, da fitilun da ke ƙyalli, da ƴan wasan da ake saye ta waya, duk bai ɗauke su a bakin komai ba. Taubashinsa Zaidu, malamin lakkol, wato makarantar boko, shi kuwa ba abin da ke wuce shi. Ranar da Zaidu ya zo yana yabon sabon wasa, wai har gumin goshin ɗan ƙwallo ana gani, Hamani ya ce in gumi yake son gani gona zai tafi.

Ba a ɓoye aibin mamaci don ƙarya, ana dai faɗinsa da ladabi. Marigayiya, kamar yadda maigidanta ya sha shaida wa jama'a, tana da lalurar jan hagu. Ya nufi raga, ƙwallo ta nufi ƴan kallo. Shekara tara Zaidu yana lallasa shi, ci uku, ci huɗu, shekara tara kuma Hamani yana ɗaga Bahaguwa sama yana nuna ta ga duk wanda ke rumfar. Albarkacin wannan lalura ya riƙe mutuncinsa na gwanin da kayan aiki suka ci amanarsa. An sha ba shi aron wata, ya ce shi ba ya gudun tsohon aboki don ya tsufa. Bai kuma taɓa yarda wani ya riƙe ta ba.

Jinyarta ta ƙarshe ta fara ne da damina. Igiya ta tsage aka ɗaure da salatif, maɓallin harbi ya lotsa aka tokare da tsinken ashana. Ranar Lahadin, ana ci biyar da nema, ta faɗi daga hannun maigidanta da wani irin ƙarfi da ba a saba gani ba ga abin da ya faɗi da kansa. Ta bugi ƙafar benci, ta yi kacau sau ɗaya, shi ke nan.

Magagi ne ya yi mata wanka. Ya kwance ta a kan tebur, ya goge ƙurar shekara tara, ya juya sandar hagu dama da hagu, ya auna ta da na'urarsa, ya sake aunawa. Sai ya ɗaga kai ya dubi Hamani, dubawa mai tsawo. Hamani ya dubi ƙasa. Sandar nan lafiyarta lau, ko sabuwa sai haka. Amma mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, Magagi kuwa ɗan halak ne, ya mayar da ƙusoshi ya ce wa jama'a kwana ne ya ƙare.

Ta bar maigidanta, da tsohuwar tele mai layi a tsakiya, da akwatin wasan, da ƙanwarta manet ɗaya mai maɓalli uku masu rai. Ta kuma bar Rakiya, uwargidan Hamani, wadda ta karɓi labarin da dangana mai ban mamaki, har ta sa nama a miya a ranar.

Abin da ya fi cin Hamani a rai ba rashin ba ne kaɗai, tsoro ne. Duk sabuwar da ya riƙe, rumfa za ta zuba ido, kuma babu sauran abin ɗagawa sama. Ya san hannunsa, tun shekarar farko ya sani. Ya kuma san wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba. Shekara bakwai da suka wuce ya fita alwala, da ya dawo ya hango ta kafar zana Zaidu shi kaɗai ya ɗauki Bahaguwa, ya zura ƙwallo uku a jere, kowacce a miƙe kamar zaren keke, sannan ya ajiye ta daidai inda ya same ta. Taubashi ne, yana da ikon ya yi masa tsiya a tsakiyar kasuwa ba mai hana shi. Amma Zaidu bai taɓa ɗaga zancen ba.

Jiya Zaidu ya zo gaisuwa da kwali a hammata, sabuwar manet ce fil daga Yamai, marar igiya, mai fitila. Ya miƙa wa Hamani a gaban kowa, ya ɗaga murya yadda na bayan rumfa zai ji, ya ce: "Ga ta, taubashi, ka yi haƙuri da ita. Na gwada ta can wurin mai shago, wagga ma hagu taka ja."

Hamani ya karɓa da hannu biyu.

Za a yi mata sutura da ragowar farin yadi, a kwantar da ita a aljihun teburin kekensa na ɗinki, gefen almakashi, gobe da hantsi. Zaman makoki a rumfar Magagi, in akwai kuran, wato wutar lantarki. Ranar uku za a raba shayi da gyaɗa, bayan la'asar kuma a buga wasa ɗaya don tunawa da ita, Hamani da Zaidu. Ana roƙon duk mai zuwa ya zo da tabarmarsa, kada kuma wanda ya nemi gwada sabuwar.