Goggo Ta Shiga Yajin Karin Magana

Ranar Litinin da safe hannun jarkata ya tsinke daidai ƙofar shagon tela, ruwan da na yi awa biyu a layi kafin in samu ya bi kwata ina kallo. Wandona ya jiƙe har gwiwa. Tela ya leƙo ya yi mini sannu, amma kafaɗunsa rawa suke yi. Daga unguwa ta uku na ɗauko ruwan nan, jama'a, domin famfon unguwarmu wata goma sha ɗaya ke nan rabonsa da ɗigo. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, ya yi aure, har ya ga jikoki.

Kada ku ce ba mu kai kuka ba. Sau huɗu muna zuwa ofishin Mai Girma Uban Tafiya, sau huɗu yana karɓarmu hannu bibbiyu. Bawan Allahn nan ba ya korar talaka. Sai dai ya gyara zama, ya lumshe ido, ya ba ka karin magana.

Ga wanda bai sani ba, harkar ruwanmu a hannunsa take, kuma shi ne shugaban Kwamitin Tattara Hikimomin Duniya. Shekara biyu ke nan suna yawo a jirgi, shi da mutum goma sha bakwai, suna kwaso mana maganganun magabatan wasu ƙasashe don a haɗa littafi. Wai bincike ya nuna ba ruwa ne ya yi mana ƙaranci ba, hikima ce. Zuwanmu na farko ya ba mu wata ta mutanen ƙasar ƙanƙara, a kan yadda bishiya ke jiran lokacinta. Ta biyu daga wani tsibiri aka ɗauko ta, da kunkuru a ciki. Ta uku ta masu kiwo ce a kan duwatsu. Ta huɗu ban ji ƙarshenta ba, don maƙwabcina Sufana, mai gyaran famfo, ya katse shi.

"Ranka ya daɗe, wata 'yar roba ce fa ta cinye a cikin injin. In aka ba ni mabuɗin ɗakin, kafin shayinka ya huce na gama."

"Mabuɗi yana hannun mai kula da sito."

"To, ina yake?"

"Yana cikin tawaga. Sun tafi ɗauko hikimar masu kamun kifi."

Ɗakin injin kuwa ƙaton kwaɗo ne a jikinsa da hatimin hukuma, wanda ya taɓa sai ɗauri. Haka muka dawo da hikima huɗu da bokiti wayam.

To, a gidana akwai Goggo, yayar mahaifina. Tsohuwar nan ko gishiri za ta ce a miƙo mata sai ta bi ta kan kura da akuya. In ma'aurata suka saɓa wurinta ake zuwa, ta sakar musu magana ɗaya, su tafi suna tauna ta har su manta abin da ya haɗa su. A tsakar gida tana da bishiyar lemun tsami da ta dasa shekarar da mijinta ya rasu. Tun da famfo ya mutu ganyen ya fara zuba. Rannan na kama ta tana raba kofin ruwan shanta biyu, rabi ita, rabi bishiya. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, na wuce kamar ban gani ba.

Ana nan sai ga Mai Jaka, sakataren kwamiti, ya yi sallama. Ashe littafi ya kai ƙasa arba'in, za a kai maɗaba'a ranar Litinin mai zuwa, sai wani ya lura babu babin ƙasarmu. Ga shi manyan baƙi za su zo daga waje ranar Asabar, su ga yadda ake ɗaukar hikima daga bakin tsofaffi. Ya durƙusa, ya ajiye rakoda a gabanta.

"Iya, guda arba'in kawai muke so."

"Ba ni da ko ɗaya, ɗan nan. Na shiga yaji."

"Yaji kuma, Iya?"

"Ƙwarai. Karin magana ai bibbiyu take zuwa, kamar takalmi. Duk mutanen da ke da wadda ta ce ka jira, suna da wadda ta ce tashi ka riƙe wuyan rigarsa. Ku kun zaga duniya kun kwaso na ƙafar hagu zalla. In na ba ku nawa, gobe da su za ku rufe mini baki. Ku buɗe famfo, in buɗe baki."

Kafin rana ta faɗi yajin ya game unguwa. Tela ya shiga, mai aski ya shiga, mata masu layin ruwa suka shiga. Na gaya muku, zama babu karin magana azaba ne. Da can in uwar yarana za ta ce ni malalaci ne, sai ta bi ta kan wani tsuntsu, in yi dariya, a wuce wurin. Ranar Laraba kai tsaye ta dube ni ta ce, "Kai malalaci ne." Har yanzu ban gama farfaɗowa ba. Kun kuma lura yau shafin nan nawa na jarida babu ko guda, don har yanzu bakina bai sake ba, ni da na saba barbaɗa muku su kamar gishiri. Edita har ya kira ya tambaya ko lafiya.

Mai Jaka ya zaga gida gida bai samu komai ba. Aka ce 'yan kwamiti sun rufe kansu a ɗakin taro don su tuno na iyayensu, mutum goma sha takwas, suka fito da guda uku, biyu a ciki babu ƙarshe. Ranar Alhamis Mai Jaka ya dawo da takardar yabo a cikin gilashi, an naɗa Goggo Uwar Hikima. Ta juya ta gaba da baya, ta tambaye shi ko ana shayar da bishiya da ita.

Ranar Asabar da sassafe motar ruwa ta shigo, aka ja tiyo aka cika tankin da ke saman famfo, aka share iyalan gizo-gizo, aka shafa fenti. Sufana ya zo da gudu ya shaida wa Goggo. Ta ce a bar su.

Hantsi na yi aka kafa rumfa. Mai Girma Uban Tafiya ya yi jawabi a kan haƙuri, sannan ya murɗa famfo da hannunsa mai albarka. Ruwa ya zubo, tawaga ta yi tafi. Aka tura wa Goggo rakoda.

"Ranka ya daɗe, wannan ruwan mota ne, kafin yamma ya ƙare," in ji ta. "Ni na ƙasa nake jira. In ya yi kwana uku yana zuwa, na yi magana."

Ta jawo kujerarta ta zauna gindin famfo. A cikin baƙin akwai wata tsohuwa mai farin gashi, daga ƙasar ƙanƙarar nan. Ta matsa wa tafinta sai da ya fassara mata, yana yi yana share gumi. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce maganar bishiyar nan tasu ce, amma tana da ƙanwa mai faɗin abin da ake yi wa mai gadin da ya yi barci, kuma manyansu ma ba sa son a tuna da ita. Sannan ta ce jirginta sai Laraba, ba ta da wani uzuri. Ta ɗauko kujera ta zauna kusa da Goggo, sauran baƙin suka saita kyamarorinsu a kan bakin famfo.

Jama'a, ban taɓa ganin mabuɗi ya dawo daga kamun kifi da sauri haka ba. Mai Girma ya yi wa Mai Jaka raɗa, Mai Jaka ya zuge jaka, sai ga mabuɗin a ƙaramin aljihu, inda yake kwance wata goma sha ɗaya. Sufana ya shiga da 'yar robarsa. Minti ashirin injin ya yi tari ya tashi. Da Sufana ya fito, Goggo ta miƙa hannu, shi kuma ya sa mata mabuɗin a tafin hannu a gaban kyamara.

Bokitin farko bishiya ta kai wa, da hannunta, ta hana kowa ya taya ta. Amma kwana ukun nan sai da ta cika su cif. Ranar Talata ta janye yaji, littafi kuwa tun Litinin ya tafi maɗaba'a, shafin ƙasarmu fari fat. Karin maganar da ta tara ta mako guda a kaina ta sauke, bakwai a jere, duk a kan jarkar da na fasa. A reshen ƙasa na lemun tsamin an ga ɗan tsiro kore, kullum da safe sai ta je ta duba shi.

Na ji Mai Girma ya bayyana wa manema labarai cewa farin shafin nan alama ce ta zurfin tunanin mutanenmu, har za a tura sabuwar tawaga ƙasashe goma ta nazarci shiru. Allah ya kai su lafiya. Mabuɗi dai yana ɗaure a gefen zanen Goggo, wanda ya isa ya zo ya karɓa.