Ranar da Na Kwashe Masallaci a Buhu

Shekarar da na fara koyar da ilimin duwatsu a Aliero, na kwashi ɗalibai zuwa dajin Mungadi neman dutse mai tama. Na kafa malafa, guduma a hannu, ina taku kamar da ni aka shimfiɗa ƙasar.

A gindin wata tsamiya muka tarar da jajayen duwatsu jere reras, kusurwa huɗu, da ɗan lanƙwasa ta gabas. Na gyara murya, na bayyana yadda wani tsohon kogi ya jera su tun fil'azal. Ɗalibai sai rubutu suke yi. Na sa aka cika buhu biyu.

Azahar na yi, sai ga wani dattijon Bafulatani da butarsa. Ya dubi wurin, ya dube ni.

"Mallam, sannunku da aiki. Ina kunka kai muna masallaci?"

Da hannuna na mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana gyara mini alƙibla da sandarsa. Shi ya ja mu sallar.

Har yau in na doshi masallacin makaranta da jaka, sai wani abokin aiki ya ce, "Jama'a, a riƙe bango, ga Mallam nan tahe."