Rasuwar Kofin Awon Shagon Wanki

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, mai wanki da guga na bakin layi yana sanar da cewa kofin awonsa ya mutu. Dutsen guga ne ya kashe shi. Wanda ya ɗora dutsen a kansa da zafinsa bai amsa laifi ba, ko da yake mutum ɗaya ne ke aiki a shagon.

Marigayin ɗan roba ne, mai gaskiya. Jan layin da ke wuyansa mililita ɗari biyu da hamsin ne, na cikinsa rabin haka, in an cika shi sau huɗu lita guda ce cif. Maigidansa bai taɓa sanin mece ce mililita ba, bai kuma ga dalilin sani ba. Bilic, ruwan hasken fararen kaya, ya kai jan layi, a juye a baho, shi ke nan. Ba a taɓa jin bakinsa ba sai ɗan “ƙwal” in ya bugi bokiti.

Ya daɗe yana jinya. Lambobinsa sun goge, gindinsa ya tsage, an liƙe da gam har sau biyu.

Ya bar bokiti uku, baho mai yoyo, da mazurari wanda tun ranar ya kifa kai.

Washegarin rasuwar surukin mai wanki ya aiko da farar rigarsa, yana da taro. Mai wanki ya tambayi mai kemis na kusa nawa ne ɗari biyu da hamsin ɗin nan, aka ce masa kofi ɗaya. To, kofi ai kofi ne. Ya ɗauko na shayinsa, wanda matarsa ke kira rijiya, ya cika shi da bilic har baki, ya ƙara kaɗan saboda girman suruki. Riga ta fito sai ka ce gidan sauro.

Baba suruki bai yi faɗa ba. Ya zo da kansa, ya leƙa duniya ta ɗaya daga cikin hujojin, ya nufi ɗakin 'yarsa, ya fito sanye da rigar fita guda ɗaya tilo da mai wanki ya mallaka. Ya ce ta ɗan matse shi a hammata, amma zai yi haƙuri.

Za a kai marigayin juji gobe da safe. Masu zuwa ta'aziyya su kawar da kai, mai makoki da singileti zai karɓe su.