Yadda Za Ka Bi Wasan Ƙwallo a Zaman Makokin Surukinka

Kana cikin mota, an ci rabin hanya. Abin da ka ɗauko: waya, caja, abin sauraro na kunne, tawul, tikitin caca a cikin safa. Surukinka ya rasu jiya. Matarka tana can tun da ya kwanta jinya, don haka ba ta san keken ɗinkinta yana hannun mai karɓar jingina ba, kuɗin kuma yana kan wasan da za a buga yau da yamma. In tikiti ya ci, keke zai riga ta komawa gida. In ya faɗi, ka san sauran.

Na yi karatu a nesa, inda ake koyar da lissafin sa'a a aji. Bi matakan nan. Na ba ka tabbaci za ka ji wasan daga farko har ƙarshe, kuma ka tashi da sunan surukin kirki.

1. Zaɓi wurin zama

Kada ka zauna gaba, nan ake sa mutum jan addu'a ba shiri. Kada ka zauna baya, nan ake aiken mutum ɗauko kujeru. Nemi gefen rumfa, jikin bangon da ke da wurin sa caji. Wanda ya tambaya, ka ce bayanka ke ciwo.

2. Rufe kunne

Sa abin sauraro a kunnen da ke kallon bango, yafa tawul a ka, ka sunkuya. Wanda ya sunkuya a gidan rasuwa ba a tambayarsa dalili. Duk wanda ya ce maka "Ya haƙuri?" ka ce "Da godiya." Kada ka ce "An take wasa."

3. Bar hawaye ya yi aikinsa

Za a zura wa ƙungiyarka ƙwallo tun kafin tabarma ta yi ɗumi. Halinta ne, shi ya sa ribarta ta fi tsoka. Kada ka danne. Yi kuka. Hawaye ba ya zuwa da takardar shaida.

Wani dattijo zai dafa kafaɗarka. "Yi haƙuri, ɗana. 'Ya'yan cikinsa ma ba su yi wannan kukan ba."

Ka ce, "Baba, abin ya zo da wuri."

"Ai ya tsufa, har jikokinsa sun aurar."

"Duk da haka."

4. Gane 'yan'uwanka

Ɗaga gefen tawul ka duba. Direban da ya kawo kujeru ya karkatar da kai. Mai gyaran wuta ma haka. Ɗan marigayi na biyu ya toshe kunne da tafin hannu yana kallon ƙasa. Ba kai kaɗai ke da ciwon baya ba.

Baffan matarka, ƙanin marigayi, zai matso da carbi a hannu, leɓensa na motsi.

"Yaro, cajina ya ƙare. Nawa-nawa?"

"Ɗaya da nema, Baffa."

"Innalillahi. Kwanon rufin ɗakina na jinginar na zuba a kansu. Miƙo kunne ɗaya."

Ba shi. Ba a yi wa babba rowa.

5. Ɓoye murna

Nan gwanaye ke faɗuwa. Ƙungiyarka za ta farke, sannan ta ƙara ana dab da tashi. Jikinka zai miƙe ba da izininka ba. Rungume na kusa da kai, ka cusa fuska a kafaɗarsa, ka yi ihun a cikin rigarsa. Rabin rumfar za su yi haka lokaci guda. Mata a cikin gida za su ji su ɗauki kuka, makoki ya koma sabo. Surukarka za ta aiko a ce maza su sassauta, marigayi ba ya son hayaniya.

Sai alƙalin wasa ya soke ƙwallon ƙarshen, ya ce an yi satar gida, ya hura tashi kunnen doki, tikitinka ya faɗi. Kukan da zai biyo baya ba ya buƙatar jagora.

6. Tarbi mai jingina

Zai zo. Mutum ne mai zumunci, kuma abokan cinikinsa sun cika rumfar. Zai gaisa da maza, sannan ya nemi a yi masa sallama da matarka a bakin ƙofa.

"Uwargida, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Af, tun da na gan ki: keken nan naki yana tsinka zare ta ƙasa. Mai son saye ya ce in tambaya, dama haka yake, ko sai an sa masa mai?"

Kada ka gudu. Wayarka tana jikin bango, Baffa yana ɗaya ƙarshenta.

7. Tsaya inda ta kira ka

Ba za ta ɗaga murya ba, gidan ubanta ne. Za ta cire maka tawul, ta ninke shi.

"An ce ka fi kowa kuka."

"Wallahi na yi."

"Na sani. Da keken nan nake biyan makarantar yara. Da shi na sayi maganin Baba."

Faɗa mata akwai wani wasa ranar Asabar da ba yadda za a yi ya faɗi. Faɗa da gaske, domin ka yarda da shi.

Za ta dube ka kamar yadda take duba yadin da aka yanka ba daidai ba. "A asibitin da Baba ya kwanta akwai ɗakin da masu irin ciwonka ke zama da likita. Kullum ta gabansa nake wucewa, ina tausaya wa matansu. Je ka zauna a ciki, ka tafi da Baffa. Ni da yara muna nan. Ba zan koma ba sai keke ya koma, kuma sai likitan ya san sunanka ba tare da ya duba kati ba."

Za ta rufe ƙofa, ka ji ƙarar sakata.

Cire hannu: na yi maka alkawarin wasa da suna, ka samu duka biyu. Keke, aure da rufin ɗakin Baffa ba sa cikin yarjejeniya, babu ruwana da su. Mai ƙorafi ya ƙwanƙwasa waccan ƙofar, ba tawa ba.