Yadda Na Gasa Kaina Saboda Balkisa

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwarmu ta Tremont, a yankin Bronx na New York, ba za su bari ba, da satin da na ɗauki ƙafata na je na biya kuɗi aka gasa ni. Ni ɗin nan, haifaffen Fagge, wanda ya yi ƙwallo ba takalmi a tsakiyar ranar bazara.

Ni fari ne, gado na yi wajen Umma. A Kano abin bai taɓa zama magana ba, don rana tana ɗan rina ni, in fito kamar kowa. Da na zo New York sai na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ɗakin kuma a ƙarƙashin ƙasa yake, ko taga babu. In shiga jirgin ƙasa a rami, in fito in shiga wani ramin, ga sanyin da ke sa mutum ya naɗe har hanci. Cikin shekaru kaɗan na koma kamar tuwon shinkafa. Ni ban ma lura ba, ashe wasu suna lura da ni.

A lokacin ina neman Balkisa, 'yar Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai shagon kayan abinci a unguwarmu. A nan aka haife ta, tana karatun nas, Hausarta rabi da rabi, amma in ta kalle ni sai in manta sunan tashar da zan sauka. Magana ta yi nisa, har Alhaji ya ce in je ranar Asabar ya gan ni kafin manya su shigo. Ina cikin murna sai ga kiranta.

"Kada ka ji haushi fa," in ji ta, tana danne dariya. "Wani ya ce wa Baba wai kana bilicin. Ya ga hannunka kana alwala a masallaci."

Na ce, "Ni? Namiji da ni?"

"Baba ya ce in gaskiya ne, maganar ta mutu. Amma ka zo yadda kake kawai, zai gane."

Ita abin dariya ta ɗauke shi. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. A ce namiji yana shafa mai don ya yi fari, wannan ai ba ƙaramin zagi ba ne a wurinmu, kuma na san Alhaji ba ya magana biyu. Na tsaya gaban madubi na kalli kaina da idon suruki, na ce wallahi ko ni ne sai na yi zargi.

(A nan mai hankali zai zauna ya yi tunani. Ni kuwa sai na je na nemi shawarar Bature.)

Akwai wani abokin aikina Bature, fari fat, wanda yakan dawo ranar Litinin ya yi jajir kamar ya je Saudiyya, alhali gari ko ɗumi bai gama yi ba. Na tambaye shi sirrin. Ya ce akwai shaguna masu gadon fitila, ka kwanta a ciki, fitilar ta yi maka aikin rana cikin ɗan lokaci. Na ji kamar an yi min bushara. Na zaɓi shago can cikin Queens, inda ba zan haɗu da Bahaushe ba.

Yarinyar da ke kanta ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai ne za ka shiga, ko wani kake jira?" Na ce ni ne. Ta tambaye ni ko ina shan wani magani, na ce a'a. Ina kuwa shan wasu ƙwayoyi na ƙurajen aski da likita ya rubuta min, amma a lissafina wannan ba ciwo ba ne, don haka maganinsa ma ba magani ba ne. Ta ce sabon shiga da ɗan kaɗan yake farawa. Na yi mata murmushin tausayi, na ce, "'Yar uwa, ni daga Afirka nake. Ranar da ta raine ni, da za ki tsaya a cikinta sai kin narke. Ba ni mafi tsawo." Ta ƙi, ta ce doka ce. Ta miƙo min wani ɗan tabarau kamar murfin kwalba guda biyu.

Gadon yana da murfi kamar firjin masu sayar da kifi. Na kwanta, na yi bisimilla, na ja murfin. Da na fito na duba madubi ban ga wani canji ba, sai na ce yarinyar nan ta cuce ni. Na tsallaka titi na nemi wani shagon, na sake cewa sabon shiga ne ni, na sake kwanciya. Washegari rana ta ɗan leƙo, na hau rufin benenmu da kwalbar man zaitun, na shafe fuska da hannuwa, na shimfiɗa kwali na baje. Wata tsohuwa 'yar Dominika da ta hau shanya ta gan ni, ta yi alamar kuros a ƙirjinta ta koma.

Kafin la'asar fuskata ta fara raɗaɗi. Riga ta zama abokiyar gaba. Da na kai goshi ƙasa a sujada sai da hawaye ya zubo, ba kuma na tsoron Allah ba, Allah ya yafe min. Kafaɗuna suka yi bororo. Fuska ta yi ja, daga baya kumatu suka yi baƙi-baƙi suka fara saɓulewa, ga farin zobe zagaye da kowane ido inda tabarau ya rufe. Duk wanda ya taɓa ganin wadda man bilicin ya ƙona ya san wannan fuskar. Abin da nake gudun a ce ina yi, shi na zana wa kaina da hannuna.

Na lallaɓa wurin wata likitar fata a wurin aikinmu, dattijuwa 'yar Zangon Kumasi mai jin Hausa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau ta ajiye.

"Kai da kake aiki a asibiti," in ji ta. "Wa ya gaya maka fatarmu ba ta ƙonewa? Tana ƙonewa sarai. Fitilar nan illarta ba a sama take tsayawa ba, tana shiga ciki, tana cikin abubuwan da ke jawo kansar fata. Mu kuma namu ba a cika gane shi da wuri ba, saboda kowa yana cewa ba ya kama mu. Ƙwayar da kake sha kuma ƙara wa fata rauni take a gaban rana. Ka haɗa fitila, ka haɗa rana, ka zuba mai. Saura yaji da albasa."

Ta ce kada in kuskura in ɓare fatar, baƙin kumatun kuma zai ɗauki watanni kafin ya tafi. Sannan ta rubuta min mai kala biyu, ɗaya na ƙuna, ɗaya na kare rana. Na fito riƙe da su ina tunanin cewa yanzu in aka rantsar da ni ko ina shafa mai, ba ni da bakin musu.

Ranar Asabar da hantsi Kawu Sani ya zo raka ni. Aminin mahaifina ne, direba a filin jirgi, shi ne ubana a ƙasar nan. Ina buɗe ƙofa ya ja da baya, ya yi salati a hankali, ya ce, "Ashe gaskiya mutane suke faɗa." Sai da na yi masa rantsuwa kafin ya zauna. Ya ce mu ɗaga zuwan. Na ce in na ɗaga za a ce ɓuya na yi, gara in je a yi ta ta ƙare. Na saka farar shadda, na kafa hula har gira don ta rufe goshi.

A falon Alhaji muka tarar da shi da wani dattijo abokinsa. Yadda dattijon ya gyara zama yana kallona ya isa ya gaya min wanda ya kai labarin. Na durƙusa na gaishe su, kaina a ƙasa. Gumi yana shiga ƙunar, bakin hular yana cizon goshina.

"Ɗago in gan ka," in ji Alhaji.

Na ɗago. Ƙaiƙayi ya ishe ni, na ɗan tura hular baya. Sai ta taho da fatar goshina, wani siririn zare mai tsawo, ya yi lilo a gaban hancina, sannan ya sauka a hankali a kan jan kafet ɗin Alhaji, daidai tsakanina da shi. Duk muka bi shi da kallo har ya kwanta. Kawu Sani ya rufe ido. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

"To Alhaji, ka gani da idonka," in ji dattijon. "Haka man yake yi in ya ci jiki."

Alhaji bai kula shi ba. Ya ce, "Yaro, hwaɗa mini gaskiya. Mi kake shahwawa?"

Ba abin da ya rage min sai gaskiyar, don haka na zazzage ta duka: alwala, madubi, Bature, shago na ɗaya, shago na biyu, man zaitun, har tsohuwar da ta gudu.

"Tsaya," in ji Alhaji. "Turawan ga suna da shagon saida rana?"

"Suna da shi, Baba."

"Kai kuma ka baro ta kyauta a Kano, ka zo nan ka saye ta da kuɗinka?"

Daga kicin na ji wata ta fashe da dariya, aka yi saurin toshe mata baki. Dattijon ya ce wannan labari ne kawai, kowa zai iya shirya shi. Sai muryar Hajiya, mahaifiyar Balkisa, ta fito daga bayan labule: "Alhaji, ai hwari ba daga sama yake hwaɗowa ba. A kira mahaifiyarshi mu gaisa mana."

Nan take na kira Umma ta bidiyo. Ta ɗauka tana tsakar gida, ƙannena biyu suna leƙe ta bayanta, dukkansu farare tas, Umma ma ta fi ni haske. Ta matso da wayar kusa da ido, ta ce, "Wane ne wannan?"

"Umma, ni ne."

"Wa ya ƙona min ɗa?"

Na miƙa wa Hajiya wayar ta bayan labule. Muna ji suna gaisawa, Umma tana ba da tarihi, cewa mahaifinta ma Jatau ake ce masa har ya koma ga Allah, kuma duk zuriyarsu ba wanda ya taɓa sanin ƙofar mai sayar da mai. Hajiya ta leƙo da wayar, Alhaji ya gaisa da Umma a mutunce, ya ga abin da zai gani. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya cire hula yana share ido da ita. Kawu Sani, wanda ɗazu ya kusa sallama ni, ya miƙe zaune yana cewa, "Ai na gaya muku yaronmu ne, mun san asalinsa." Dattijon nan kuwa ya tuna yana da kaya da za a sauke masa a shago, ya nemi takalminsa.

"Wauta dai akwai ta," in ji Alhaji da ya samu numfashi. "Amma ba ka yi mini ƙarya ba, kuma don ɗiyata ka shiga wuta. Na ba ka. Turo manyanka." Na sunkuya zan yi godiya, ya ɗaga hannu. "Sai dai ba a sa rana sai huskar ga ta koma ta mutane. Ba ni aika hoton ga Maraɗi."

Na sauko daga benen nan fuska na raɗaɗi, amma ji nake kamar ni na gina Bronx. Na gaishe da duk wanda na gamu da shi a titi, har da waɗanda ban sani ba, suna kauce min. Da yamma Balkisa ta kira, ta ce ita da take karatun nas ban ga damar tambayarta ba sai Bature, kuma in sani duk ranar da muka yi faɗa sai ta tayar da maganar nan. Ta cika alkawari.

Aka ɗaura aure bayan kaka ta shigo, maimakon farkon zafi da muka so. Ni da na nemi yin baƙi cikin gaggawa, sai da na zauna wata da watanni ina jiran in koma farin da na gudu. Har yau akwai wani ɗan tabo a gefen kunnena da likitar nan take dubawa duk shekara, kuma duk zuwa sai gabana ya faɗi kafin ta ce lafiya. Amma Balkisa tana gidana, wanda ya kai gulmar kuma shi ya fi kowa cin shinkafa a wurin walima.

Abin da na koya bai da yawa. In aka yi maka sharri a kan kalar jikinka, kada ka je neman shaida wurin fitila. Ka kira mahaifiyarka, ita ta san inda ka samo ta.